Motar da Aka Saya Don Inna Marka

Tun kafin dillali ya buɗe baki, Abdulkarimu ya san motar da ya kamata ya saya. Abin haushin labarinsa ke nan. Da a ce rufe masa ido aka yi, da sai mu ja wa macucin Allah ya isa mu wuce. To babu wanda ya cuce shi, da idonsa biyu ya shiga.

Abdulkarimu ma'aikaci ne a sashen noma na ƙaramar hukumar Tambuwal, amma asalinsa ɗan ruga ne daga wajen Fakku, ƙasar Kebbe. Shi ne ɗan farin Inna Marka. Kamar yadda ake yi wa ɗan fari a wajensu, ana yaye shi aka miƙa shi ga kawunsa a gari. Can ya yi boko, can ya yi aure, can ya ajiye tumbi. Ƙanensa Sama'ilu ne ya tsaya wa shanu da tsohuwa. Ita kuwa Inna Marka ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inuwa ɗaya da shi, in ya zo gaisuwa sai ta juya fuska wajen zana ta amsa. In magana ta kama dole, sai ta ce da wanda ke kusa, "Ku ce da mutumin Tambuwal kaza." Ga shi har furfura ta fito masa, abin bai canza ba.

Shekarun baya tsohuwar ta zame a bakin rijiya, ƙashin ƙugunta ya goce, ya warke a haka. Tun daga nan ba ta iya naɗe ƙafa. Ko dai ta tsaya da sanda, ko ta miƙe sambal a gadonta na itace. Jaki ya haramta gare ta. Kowace shekara kuwa, da hadari ya fara haɗuwa, manoman Fakku na son gonakinsu, dole shanu su tashi zuwa mashekari, wato inda ake zaman damina can cikin daji, ƙetaren wani babban rafi. Bara a amalanken shanu aka ɗauke ta, ta sha rana da girgiza har aka fara karanta mata kalmar shahada a hanya. Da ta farfaɗo aka ce bana a bar ta a gari wajen ƙanwarta Mu'minatu, sai ta ce in haka ne a haƙa mata rami kawai, ya fi sauƙi. Matar da tun tana goye take bin shanu, ina ita ina zaman ɗaki tsakanin katangu?

Shi ya sa Sama'ilu ya zaɓi bijimai daga garke, har da na gadon mahaifinsu, ya kai kasuwa. Ya ce a sayi a-kori-kura babba, wadda za a ɗora gadon Inna a bayanta, a kafa rumfa, ta kwanta abinta har mashekari. Tunda Abdulkarimu ne kaɗai ya iya tuƙi a zuriyar, mota za ta zauna a hannunsa, ranar tashi ya zo.

A filin Ɗan'iya dillali da ke bakin titin Tambuwal, motoci biyu suka tarar masu ƙwari, duk 'yan Kwatano. Ɗaya fara ce mai ƙofa biyu, gabanta kujera ɗaya tak, amma bayanta dogo ne, mutum ya miƙe har ya bar saura. Ba ta da ado ko kaɗan, irin ta masu jigilar albasa. Ɗayar baƙa ce mai ƙofa huɗu, kujerun fata gaba da baya, gilashi mai duhu, ga na'urar sanyi. Sai dai kujerun bayan sun cinye wuri, abin da ya rage na ɗaukar kaya gajere ne.

Sama'ilu bai ko kalli baƙar ba. Ya zagaya bayan farar, ya kwantar da sandarsa a ciki don auna tsawon gado, ya ƙara taƙi, ya gyaɗa kai. Sannan ya je bayan baƙar ya kwantar da sandar, ya ɗauke. Abdulkarimu yana kallonsa. Ya fahimta sarai.

Amma fa ya riga ya zauna a cikin baƙar. Kai, kujerar nan ta karɓe shi! Nan take ya hango kansa yana shiga harabar ofis, masu gadi na ɗaga hannu, Mutawakkil na sashen kuɗi da ke masa dariyar tsohon babur yana haɗiyar yawu. Ɗan'iya kuwa tsohon hannu ne, ya ga inda zuciyar mai saye ta karkata.

"Ranka shi daɗe, wagga ita ad daidai da kai," in ji shi. "Waccan ai ta 'yan lodi ta. Babban ma'aikaci kamarka shi shiga ofis da motar albasa? Kuma an ce don tsohuwa za a saye. To ga kujera nan baya, ga sanyi, ta kishingiɗa abinta. Wa ka aza uwa tai bayan mota awa buhu?"

Maganar nan ta yi wa Abdulkarimu daɗi, don ita yake nema. Sai ya yi abin da har yau in ya tuna yake jin nauyin kansa. Ya san ƙanensa. Ya san Bafillace ba ya faɗin abin da ransa ke so a gaban jama'a, balle ya musa wa wansa a gaban baƙo. Da ya so jin gaskiya, da ya ja shi gefe bayan shago. A'a, sai ya tsaya tsakiyar fili, ga dillali, ga 'yan kallo, ya ɗaga murya.

"Sama'ilu, kai kas sayar da shanu. Wacce kaka so?"

Sama'ilu ya sunkuyar da kai, ya shafa gemu, ya amsa da sunan da ƙane ke kiran wansa a ruga. "Hamma, mu shanu munka sani. Duk wadda kag gani, ita ce."

"Kun dai ji ko? Shi yac ce in zaɓa."

Aka shafa fatiha, ciniki ya faɗa a kan baƙar.

Da ya iso gida yana danna ham, matarsa Asiya ta fito. Malamar firamare ce, 'yar Sanyinna, kuma ba ta iya ɓoye magana a ciki ba. Ta zagaya motar, ta ce ma sha Allahu, ta leƙa baya, ta daɗe tana kallo.

"Malam, ina za a sa gadon Inna?"

"Wane gado kuma? Ga kujeru nan, ga sanyi."

"Inna? Ita za ta shiga ɗaki guda da kai a rufe ƙofa, tana kallon ƙeyarka tun daga Fakku har daji? Matar da ranar sunan 'yarmu Nasiha ta gwammace ta wuni bayan rumbu da ta zauna rumfa guda da kai?"

"Ke dai ba ki da aiki sai ɓata wa mutum farin ciki."

"Ni ban ɓata komi ba. Tambaya nika yi."

Ya shige ciki yana faɗa, wai abincin ma ya huce, wai wa ya bar bokiti a hanya. Tabarmar kunya dai da hauka ake naɗe ta. Asiya ta ƙyale shi, ta ɗauke bokitinta.

Gaskiya ya yi niyyar mayarwa. Washegari ya tashi da nufin ya wuce wajen Ɗan'iya a yi musaya, sai ya ce bari ya fara leƙa ofis. Nan fa aka yi masa caa. Mutawakkil ya shafa gilashi ya ce, "Alhaji Abdulkarimu, ashe haka kake da nauyi?" Alhaji, shi da ko filin jirgi bai taɓa takawa ba! Shugaban sashe da kansa ya roƙi a rage masa hanya zuwa ɗaurin aure a Jabo, kuma a can aka ba Abdulkarimu kujera a sahun gaba. Ya ce to gobe. Gobe ta zo, ya ce bayan Juma'a. Ran da ya daure ya je, filin farar wayam, sai ɗigon baƙin mai a ƙasa.

"Ai wani mai albasa yab biya ya tafi da ita tun shekaranjiya," in ji Ɗan'iya. "Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Wucewa nika yi."

Abin kunya, da ya koma cikin motarsa ajiyar zuciya ya yi. Yanzu ba laifinsa ba ne, an sayar. Haka ya gaya wa kansa, kuma bai yarda da kansa ba.

Bazara ta kankama, zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa. Sama'ilu ya fara kira a waya daga kan tudun da suke samun sabis. "Hamma, masu gona sun fara magana." Abdulkarimu ya ce akwai rabon taki a ofis, a ƙara masa mako. Aka ƙara. "Hamma, an yi yayyafi gabas." Ya ce akwai baƙi daga Sakkwato. Babu wasu baƙi. Tsoron ranar yake ji, yana ta tura ta gaba kamar hakan zai ƙara wa motar tsawo. Ya san kuwa muddin aka yi ruwa mai ƙarfi sau ɗaya, rafin nan zai kawo, mota ba ta ƙara ƙetare shi sai kaka.

Asiya ta sake gwadawa. "To ka ɗauki direba mana. Kai ka tsaya, shi shi kai ta. Ko ka yi hayar doguwa ta kwana guda."

Ya ƙi. Ɗaukar direba ko hayar wata mota tamkar ya tsaya gaban Sama'ilu ne ya ce na sani tun farko. Akwai kuma wani abu can ƙasan ransa da bai gaya wa kowa ba. Shi fa tun da ya yi wayo bai taɓa zama kusa da uwarsa ba. Yana ganin ko tsufa da ciwo za su sa ta sassauta, ta shiga, ya tuƙa ta a hankali, ko da ba za ta ce masa komai ba. Allah sarki. Amma kada tausayi ya yi mana yawa, wannan tunanin daga baya ya zo, kujerar fata ce ta riga shi.

Ranar da ta ƙi turuwa ta zo. Ya isa rugar da hantsi, ya tarar an riga an kwance bukkoki. Samari sun kora shanu tun da sassafe, yara da jakuna sun bi su. Saura kayan ɗaki a tare wuri guda, da Sama'ilu, da matarsa Bara'atu, da Inna Marka kwance a gadonta ƙarƙashin wata ƙirya. Ta yi wanka, ta ɗaura sabon zane, an yi mata kitso. Tun da aka ce an sayi mota take shirin wannan rana. Gabas kuwa ta yi baƙi ƙirin, iska mai ɗumi tana kaɗawa.

Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta. Ta ja mayafi, ta amsa wa itacen ƙirya.

Aka taimaka mata ta miƙe ta dogara sanda, shi da Sama'ilu suka ɗauki gadon. Suka sa shi a tsaye, bai shiga ba. Suka karkata shi, bai shiga ba. Suka sauke marfin baya, ƙafafun gadon biyu suka tsaya a iska.

"A ɗaure da igiya," in ji Abdulkarimu, gumi na zuba masa.

"Hanyar duk kwazazzabai ce, Hamma. Gangaren rafi kaɗai ya isa shi zubo ta."

Sai ya yi ta maza, ya buɗe ƙofar baya, ya kunna sanyi, ya kakkaɓe kujerar da hularsa. Ya ce da Bara'atu, da murya yadda tsohuwar za ta ji, "Ki ce da Inna ga wuri nan an gyara mata. Ta kishingiɗa, ke ki riƙe mata ƙafafu."

Bara'atu ta dube shi a tsorace, don ita kanta ba ta shiga ɗaki ɗaya da wan mijinta. Ta je ta faɗa. Inna Marka ta kalli ƙofar da ke buɗe, ta kalli kujerar direba da ke dab da ita.

"Wa za shi ja motar?"

"Shi ne, Inna."

"A'a."

"A rataya zane tsakani," in ji Abdulkarimu. "Wallahi ba ni waiwayowa. Madubin ma sai in cire shi."

"Ku ce da mutumin Tambuwal," in ji tsohuwar, muryarta ba faɗa ba fushi, "abin da ban yi ba da ƙuruciyata, ba ni fara shi ina bakin rami. Uwata ba ta yi ba, tata ba ta yi ba. A sa ni baya, ko bisa tabarma."

Aka sauke gadon, aka shimfiɗa tabarma da tsummoki a bayan motar. Sama'ilu ya ɗauke ta cak ya ɗora. Wurin bai kai tsawonta ba ko a karkace, don tudun tayoyi ya ci gefe da gefe, ita kuwa doguwar mace ce. Sai an naɗe ƙafa. Bara'atu ta kama gwiwar a hankali ta fara lanƙwasawa. Tsohuwar ba ta yi ƙara ba, irinsu ba sa yi. Leɓenta kawai ta ciza, jikinta ya ɗauki rawa, hawaye ya gangaro ta gefen ido ya shige kunne. Abdulkarimu ya gani. Tun da aka haife shi bai taɓa kallon fuskarta kusa haka ba, kuma abin da ya gani ke nan.

"Sauke ta," in ji Sama'ilu.

"Bari in ruga Kebbe in nemo direba," in ji Abdulkarimu. "Ko wata mota. Yanzun nan in dawo."

Sama'ilu ya nuna gabas da haɓa. An fara jin rugugi. "Kafin ka kai ka dawo, rafi ya kawo. Ga kayan abinci nan, ga tukwane. Yara na can gaba ba su da ko ƙwaryar gari. In ba mu ƙetare yanzu ba, da yunwa za su kwana cikin ruwa."

Da na sani ƙeya ce. Mako biyu da suka wuce sararin nan fes yake, da ya zo lokacin da ko sau uku ne ya je Kebbe ya dawo. Babu wanda ya faɗi haka. Da ma wani ya faɗa, ko ya zage shi, da ya ji sauƙi.

Inna Marka ce ta yanke maganar. Ta ce a mayar da ita gadonta, a aika Fakku a gaya wa Mu'minatu ta turo amalanke, tunda garin ba nisa. Bara'atu za ta raka ta, in ta ga zamanta ta biyo 'yan rugar maƙwabta a ƙafa. Daga nan ta shiga yi wa Sama'ilu wasiyyar shanu ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunanta: wadda ba a tatsarta sai an yi mata magana, wadda ke dab da haihuwa, wadda ke son bin gonar mutane. Ta ce ƙorenta na tatsa da na adon ɗaki su tafi, kada su zauna a gari, Bara'atu ta riƙa shafa musu mai.

Aka loda buhuna da tukwane da turmi a baya, wuri ya cika tun ba a kai rabi ba. Ƙoren nan kuwa ba sa son matsi, sai Sama'ilu ya jera su a kan kujerun fata, manya da ƙanana, ya tokare su da zannuwa. Gadon ya rage ƙarƙashin ƙirya da mai shi a kai.

Abdulkarimu ya je ya durƙusa sallama. Yana so ya ce, Inna, akwai wata doguwa, na gan ta, na bar ta.  Sai ita ta riga shi magana, fuskarta wajen itace.

"Bara'atu, ki ce da mutumin Tambuwal ya yi ƙoƙari. An ce mai tsadar ya zaɓa don ni. Motar ta yi kyau, ƙugun nan nawa ne ba shi da kirki. Kada shi sa komi a rai. Allah shi yi mishi albarka, shi ba shi masu yi mishi."

"Amin," in ji Bara'atu.

Shi bai iya cewa amin ba. Ya tashi kamar an doke shi, ya shiga mota. Sama'ilu ya zauna gefensa don nuna hanya, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Suka bi burtali, sawun shanun safe na gabansu. Bai cire madubin ba, don haka ya ga tsohuwar ta ɗago kai, ta yaye mayafi yanzu da ba ya kusa, tana bin hanyar shanun da kallo har kwana ta raba su.

Sun yi nisa cikin daji. Ƙore na ƙwanƙwasar juna a baya, na'ura na ta huro sanyi, ɗigon ruwa ya fara sauka a gilashi. Abdulkarimu ya ga ba zai iya haɗiye abin ba.

"Sama'ilu, ran nan a filin Ɗan'iya, da kas sa sanda..."

"Bi hagu, Hamma. Dama akwai rami."

Ya bi hagu. Suka gangara rafin, ruwa bai kai rabin taya ba, suka haye. Suna hawa tudu aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Sama'ilu ya waiga ya dubi rafin, ya daɗe, sannan ya dubi kujerar baya. Ya gyara mayafinsa a kafaɗa.

"Hamma, kashe sanyin ga," ya ce. "Ƙore ba su jin zafi."